Idan Wayarki Ta Faɗa Randa Yau, Me Za Ki Rasa?

A da, kowace uwa a Dandin Mahe ta san inda take ajiye abin da ba ta so ya salwanta. Katin awo da na allurar yara suna ƙasan akwatin ƙarfe, an naɗe su a leda saboda gara. Lissafin adashe yana cikin ƙaramin littafi a ƙarƙashin katifa. Hotunan suna da na biki suna cikin albam, sai an yi baƙi a fito da shi. Yanzu kuwa kusan duk waɗannan sun tattara sun koma wuri ɗaya, wato wayar da ke hannunki, wadda kike karanta wannan rubutu da ita.

Ki ɗan duba cikinta. Akwai hoton takardar NIN ɗinki da ta maigida, sakamakon WAEC na babbar 'yarki, lambobin masu sayen turarenki ko ƙuli-ƙuli, jerin waɗanda suka ɗauki atamfa bashi. Wataƙila akwai saƙon murya na mahaifiyarki da ta rasu, wanda kike kunnawa idan kewa ta taso. Akwatin ƙarfe yana zaune a ɗaki shekara da shekaru. Waya kuwa tana yawo: tana zuwa kasuwa a Boɗinga, tana kwana a shagon caji, tana hannun yaro ɗan shekara biyu a gefen bokitin wanki, tana shan zafin watan Afrilu na Sakkwato da ke wuce digiri 40 har batir ya kumbura. Ga masu ƙwace, ga mai gyara da zai ce sai an yi mata filashin, wanda ke nufin share duk abin da ke ciki.

Maganin wannan ba sabo ba ne: a riƙa yin kwafi a ajiye a wani wuri daban. Abin da ya sauya shi ne yanzu waya da kwamfuta suna iya yin kwafin da kansu, ba sai kin tuna ba. Masu gyaran waya suna kiran sa bakof. Mu kira shi kwafin ajiya.

Abin da nake gani a wurin aiki

A aikin jinya, ba a mako guda ba a zo mana da yaron da katinsa ya ɓata ba. Wani ruwan sama ne ya jiƙa shi, wani akuya ta tauna, wani an bar shi a gidan da aka yi wankan jego. Sai a tambayi uwa: an yi masa allurar mako 6? Ta mako 10 da ta mako 14 fa? Ta ƙyanda ta wata 9? Uwa mai 'ya'ya biyar ba za ta iya riƙe ranakun kowanne a ka ba, kuma ba laifinta ba ne. Idan a asibitin da aka fara yi masa ne, a duba rajista. Idan kuwa an tura ku Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani babban asibiti, to abin da ke hannunki shi ne tarihin yaron.

Haka lamarin yake ga mai ciki da takardar sikanin ta, da yaro mai sikila da sakamakon gwajin jininsa, da tsohuwa mai hawan jini da ba ta san sunan ƙwayar da take sha ba sai dai ta ce "ƙarama fara". Uwar da ta ciro waya ta nuna hoton katin ko na kwalin magani ta rage wa ma'aikaci laluben duhu, ta kuma rage wa kanta kuɗin maimaita gwaji. Mata da yawa sun gane haka, suna ɗaukar hoton. Sai dai hoton da ke cikin waya kaɗai, ranar da wayar ta tafi, tare suke tafiya.

Me ya sa sai mai yin kansa?

Kowa ya san ya kamata ya kwafe hotunansa. Wa ke yi? Tsakanin girki, raino, islamiyya da sana'a, "gobe zan tura su memori" tana iya kai shekara. Shi ya sa manhajar da ke yin kwafi da kanta ta fi ƙarfin niyya. Sau ɗaya za ki saita ta, daga nan duk hoton da kika ɗauka, idan waya ta samu intanet, sai ta aika kwafinsa zuwa wani rumbu na kamfanin da ke nesa da gidanki. Ba a sama yake ba, ba a iska ba. Manyan kwamfutoci ne a gine-ginen kamfanin, an ware miki wani ɗan sashe da sunan imel ɗinki.

Wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno da Infinix da itel da Samsung, duk Android ne, kuma Android tana tafiya ne da asusun Google. Kowane asusu yana da rumbu na kyauta mai girman 15GB, wanda Gmail da Google Drive da Google Photos suke rabawa. Idan hoto ɗaya ya kai 3MB, wurin zai ɗauki kusan hotuna 5,000. Masu iPhone kuma Apple na ba su 5GB kyauta a iCloud.

Makullin rumbun yana hannun wa?

Nan ne matsalar da ta fi damuna take, kuma ba a cika maganarta ba. Ranar da aka sayo waya, yawancinmu mai shago muke miƙa wa, ko ƙani, ko wani yaron unguwa, mu ce ya "buɗe" ta. Sai ya ƙirƙiri imel da sunan da ya ga dama, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa a matsayin ta dawo da asusu. Ke dai kin ga WhatsApp na aiki, shi ke nan.

Abu biyu ke biyo baya. Na farko, ranar da wayar ta ɓata, hotunanki na iya kasancewa lafiya lau a rumbun Google, amma ba ki da hanyar shiga, kamar mai hatsi a rumbun da aka jefa makullinsa rijiya. Na biyu ya fi muni. Idan kwafi na tafiya asusun da wani ke da kalmar sirrinsa, to duk hoton da kika ɗauka a ɗakinki, ba mayafi, da na 'ya'yanki mata, da takardun asibitinki, yana iya buɗewa ya gani daga tasa wayar, ke ba ki sani ba.

Don haka kafin ki kunna komai, ki fara da makulli. Ki shiga Settings na wayarki, ki nemi Google, za ki ga adireshin imel ɗin da ke kai. Ki rubuta shi a takarda. Idan ba ki san kalmar sirrin ba, ki sa wanda ya buɗe ya faɗa miki, sannan ki sauya ta da hannunki. Kada ta zama lambar wayarki ko shekarar haihuwar ɗanki. Ki tabbata lambar da aka sa ta dawo da asusu taki ce, kuma layin da NIN ɗinki aka yi masa rajista. Da aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba a 2024, mutane da yawa sun gane cewa layin da suka shekara suna amfani da shi da sunan wani yake. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani na iya sayar wa wani, tare da duk saƙon sirrin da za a turo masa.

Takardar da kika rubuta imel da kalmar sirri, ki ajiye ta inda kike ajiye sarƙarki ta zinare. Kada ki ɗauki hotonta ki bari a cikin wayar. Ki kuma yi tunanin mutum ɗaya da kika amince wa, wanda zai san inda take idan ta Allah ta kasance.

Abubuwa uku da za ki kunna

Na farko, lambobin waya. Idan za ki ajiye sabuwar lamba, waya kan tambaya ko a SIM, ko a waya, ko a asusun Google. Ki zaɓi Google. Lambobi ba sa cin data ko wuri na a zo a gani, kuma ranar da kika sa imel ɗinki a sabuwar waya, sai ki ga duk sun dawo. Wannan kaɗai zai raba ki da saƙon nan da muke gani kullum na "na rasa wayata, kowa ya turo min lambarsa".

Na biyu, hotuna. Ki buɗe Google Photos, ki taɓa hoton ko harafin da ke sama ta dama, ki kunna Backup. A cikin saitin akwai zaɓin Storage saver, wanda ke ɗan matse hoto don kada ya cinye wuri, kuma ido ba ya gane bambancin a waya. Akwai kuma wurin da za ki ƙayyade yawan datar da za ta ci a rana, kamar 10MB ko 30MB. Wannan yana da muhimmanci, domin manhajar ta fi son Wi-Fi, mu kuwa yawancinmu ba mu da shi. Idan ba ki ba ta izinin amfani da data ba, za ta nuna a kunne take alhali ba abin da ya tafi.

Na uku, WhatsApp. Ki shiga Settings, ki taɓa Chats, sannan Chat backup. Ki zaɓi imel ɗinki, ki zaɓi ko kullum ko mako-mako, ki ba shi izinin amfani da data. Mai sana'a da ke karɓar oda da shaidar tiransifa ta WhatsApp, kullum ya fi mata. Yawanci cikin dare yake yin aikin, wajen ƙarfe 2, don haka waya na buƙatar caji da data a lokacin. Datar da ake sayarwa ta hira kaɗai ba lallai ta kai kwafin Google ba. A wurin akwai zaɓin kulle kwafin da kalmar sirri ta musamman, wanda WhatsApp ya ƙaro a 2021, ta yadda ko Google ba zai iya karanta hirarki ba. Abu ne mai kyau, amma idan kika manta kalmar kuma wayar ta ɓata, ko kamfanin ba zai iya buɗe miki ba. Ita ma a rubuta ta a takardar nan. Kuma don hirarrakin su dawo a sabuwar waya, sai da lambar wayar da imel ɗin da aka yi kwafin da su.

Batun data da wuri

Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa na lissafi. Gaskiya ce, kwafi yana cin data. Amma abin da ke cinyewa shi ne bidiyo. Bidiyon minti ɗaya na iya cin wurin hotuna 20 ko 30. Ki kashe zaɓin haɗa bidiyo a WhatsApp, domin yawancinsu na barkwanci ne da wa'azozin da aka turo a guruf, waɗanda suna nan a wayoyi dubu. Bidiyon da ke naki na kanki, kamar na saukar karatun ɗanki, shi za ki zaɓa ki tura da hannu. Karon farko ne mai nauyi, saboda tarin shekaru ne zai tafi. Ki yi shi da datar dare mai rahusa. Bayan nan sababbi kawai ke tafiya.

Ki kuma san cewa daga farkon 2024, kwafin WhatsApp na Android yana cin nasa rabo a cikin 15GB ɗin nan, ba kamar da ba da yake zaman kansa. Google Photos ma ya daina ba da wuri mara iyaka tun 1 ga Yuni, 2021. Idan rumbun ya cika, kwafi yana tsayawa, imel ma ya daina shigowa. Sannan tun Disamban 2023, Google na iya share asusun da aka shekara 2 ba a taɓa ba. Wadda ke da tsohon imel mai hotunan aurenta, ta riƙa leƙa shi.

Wani tarko da ya ci mata da yawa: waya ta cika, sai a buɗe Google Photos a yi ta goge hotuna da tunanin ai akwai kwafi. Abin da kika goge a cikin manhajar yana goguwa ne a waya da rumbu baki ɗaya. Sa'ar ita ce yana zama a kwandon shara na manhajar kwana 60 kafin ya tafi gaba ɗaya, kina iya dawo da shi. Idan wuri kike nema, akwai maɓallin Free up space, wanda ke cire na cikin waya kawai ya bar na rumbu.

Mai jego da ta ceci fim

A 1998, kamfanin Pixar na Amurka yana tsakiyar haɗa fim ɗin yara na kartun mai suna Toy Story 2, sai wani ma'aikaci ya ba babbar kwamfutarsu umarnin shara bisa kuskure. Suna kallo hular jarumin fim ɗin ta ɓace, takalmansa suka bi, kafin a cire wuta kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Ba su firgita sosai ba da farko, domin suna da na'urar da ke yin kwafi da kanta. Da suka duba, ashe ta daɗe da samun matsala ba wanda ya lura.

Wadda ta cece su ita ce Galyn Susman, ɗaya daga cikin shugabannin sashen fasaha, wadda ta haihu ba da daɗewa ba. Saboda rainon jariri tana aiki daga gida, don haka akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna, aka sa ta a mota aka kawo ofis a hankali kamar mara lafiya. Fim ɗin ya fito a 1999.

Idan masu kuɗi da ƙwararru irin waɗannan na'urarsu ta yi shiru ta daina aiki, taki ma za ta iya. Sau ɗaya a wata, misali ranar da kike zuba adashe, ki buɗe Chat backup ki duba kwanan watan kwafin ƙarshe. Ki buɗe Google Photos ki ga ko ya ce ya kammala. Minti ɗaya ya isa.

Ranar da babu sabis

Rumbun intanet yana da rauninsa, kuma mu a nan mun ɗanɗana. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Duk wanda takardarsa ke intanet kaɗai a wuraren, sai da ya yi tafiya kafin ya gan ta. A gefe guda kuma, gobarar babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 da ambaliyar Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 sun nuna yadda takarda da waya da memori ke tafiya a dare ɗaya idan duk a wuri guda suke.

Shi ya sa masana ke da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a nesa da gida. A gidajenmu ma'anarta mai sauƙi ce. Asalin takarda a leda cikin akwati, hotonta a waya, kwafi a rumbun intanet. Takardu masu nauyi kamar shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, takardar fili ko gona da sakamakon jarrabawa, ki ƙara da fotokwafi a gidan iyayenki ko 'yar'uwarki a wani gari. Hoto ba ya maye gurbin asali a ofis, amma lambobin da ke jikinsa su ne za su sauƙaƙa a sake ba ki wata.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, ƙanensa Abdullahi a Boɗinga, nan kusa da mu, kuma littattafansu da na Nana Asma'u sun iso hannunmu bayan shekara kusan 200 ne saboda almajirai sun yi ta kwafarsu da hannu suna kaiwa gari-gari. Gara ta ci na wannan gida, na wancan ya tsira.

A yi hattara da katin memori na bakin titi. Akwai na jabu da ake rubuta 64GB a jikinsu alhali cikinsu bai kai rabin rabin haka ba. Idan ya cika, sababbin hotuna su hau kan tsofaffi su lalata su. Kuma memorin da ke cikin waya ba kwafin ajiya ba ne, domin ɓarawo ba ya cire miki shi kafin ya gudu.

Idan akwai kwamfuta a gidan

Uwar da ɗanta ko 'yarta ke jami'a ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ki tambaye su yau ina furojet ɗinsu yake. Idan amsar ita ce "yana laftof" ko "yana filash", to aikin shekara guda yana rataye da zare ɗaya. Filash da ke yawo a shagunan buga takardu shi ne ya fi kwaso bairos. Kwamfuta mai Windows tana da OneDrive da ke ba da 5GB kyauta, kuma duk abin da aka ajiye a jakarsa yana kwafar kansa. Akwai Google Drive na kwamfuta da ke yin irin wannan. Akwai kuma File History a cikin Windows, wanda ke kwafar fayiloli lokaci-lokaci zuwa faifan waje da aka jona, har ya ajiye tsofaffin zubi, ta yadda idan an lalata babi na uku yau, ana iya komawa na jiya. Rubutu ba ya cin wuri. Furojet gaba ɗaya sau da yawa bai kai bidiyon biki na minti ɗaya nauyi ba.

Daga ina za ki fara?

Da daren nan, bayan yara sun kwanta, ki nemo sunan imel ɗin da ke wayarki ki rubuta. Gobe ki karɓi kalmar sirri ki sauya ta. Jibi ki shimfiɗa katunan allurar yara da na awo da takardun haihuwa a wuri mai haske, ki ɗauki hoton kowanne gaba da baya yadda rubutun zai karantu, sannan ki kunna kwafin. Duk lokacin da aka ƙara wa yaro allura, ki sake ɗaukar katin kafin ki bar asibiti. Wadda za a saya wa sabuwar waya kuma, tun ran gini ran zane: a buɗe imel ɗin a gabanki, ke za ki rubuta kalmar sirrin.

Idan kin maƙale a wani mataki, ki faɗi irin wayarki da inda kika tsaya a sashen sharhi da ke ƙasa. Amma kada ki rubuta imel ɗinki ko kalmar sirri a wurin, kuma duk wanda ya kira ki ya ce zai taimaka ki karanto masa lambobi shida da aka turo miki ta saƙo, ki kashe wayar. Asusunki yake nema.